Kifin Dubiya da Ƙodar Surukina

Zuwa ga Babban Likita, asibitin da surukina ke kwance.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan aiki na tafiya lafiya. Ba da son raina na kawo maganar gidanmu jarida ba.

Surukina dattijo ne daga Gwiwa, ciwon ƙoda ya kwantar da shi a wurinku. Ranar da aka ba shi gado, likita ya ja ni gefe ya yi mini bayani: soyayyen kifi na ɗauke da gishiri da wasu sinadarai, musamman ƙananan da ake taunewa har ƙaya, kuma ƙodar da ta gaza ba ta iya tace su. Ni kaɗai ya gaya wa, don ni ne mai jin Turanci a dangin.

Juma'ar da ta wuce, amininsa tun na ƙuruciya ya taso daga Babura dubiya. Ya tsaya bakin dam a Kazaure ya sayo kifi mai zafi, an barbaɗe shi da yaji. Ka san al'adarmu: ba a mayar da abincin dubiya, mara lafiya yakan ci a gaban wanda ya kawo. Ma'aikatanku biyu na tsaye, ƙamshi ya cika ɗakin, ba wanda ya tanka. Surukina ya yi bismilla ya kai hannu.

Ni da ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, ni na miƙe na janye takardar kifin daga cinyarsa, baƙi na kallo. Sai surukina ya juya fuskarsa bango. Baƙon ya ɗauki sandarsa ya fita, bai jira bayani ba.

Ga abin da nake roƙo.

Na farko, a yi wa mara lafiya bayanin abincinsa da Hausa, a kunnensa. Surukina ba yaro ba ne.

Na biyu, a sa ma'aikaci a ƙofar ɗakin masu ƙoda lokacin dubiya, ya duba abin da ake shigowa da shi. In mai fararen kaya ya hana, doka ce, ba mai jin haushi. In suruki ya hana, rashin kunya ne. Kuɗin man fetur ya gina muku sababbin ɗakuna. Wannan kuwa kujera ɗaya kawai yake buƙata.

Na uku, ina roƙon ka da kanka, in ka zo zagaye, ka tsaya a gadonsa ka gaya masa umarninku na bi. Kumburin ƙafarsa ya fara saɓewa, alhamdu lillahi. Amma tun ranar, ta bakin matata yake amsa gaisuwata, amininsa kuma bai dawo ba.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa waraka a hannunka.

Wassalam.

Wani mazaunin Roni