Jikata Ba Birin Bata Ba Ce

Fagge, Kano.

Zuwa ga 'yata Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma karatun unguwarzoma na tafiya daidai a Sakkwato. Innarki na gaishe ki, 'yarki Raudha ma lafiya lau. Na zaɓi takarda ne domin a waya zuciyata kan riga bakina, kuma ban sha dariyar yara a makarantar dare da furfurata don in ajiye biro ba.

Maganar Malama Uchechi ce, wadda kika damƙa wa Raudha don ta koya mata maganar hannu. Da kaina na je Sabon Gari ɗauko yarinyar, na tarar da kuramen yaran sun kewaye waya suna kallon gwaggon biri yana motsa yatsu. Wai wata Baturiya ce ta koya masa faɗin yunwa, ruwa, har da baƙin ciki da hannu. Malamar ta ce tana nuna musu ne don su daina kunyar amfani da hannu a gaban mutane.

Ban yarda ba. Ina saurayi akwai mai wasa da biri a mahaɗar Bata, nan Kano. Birinsa na sara wa jama'a kamar soja, amma na lura sai an ɗan ja igiya yake yi, sannan a jefa masa gyaɗa. Asama'u, da idona na ga Uchechi na ba yaran biskit duk wanda ya yi alama daidai. Jikata kurma ce, ba dabbar wasa ba.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, Ilu.

Fagge, Kano.

'Yata Asama'u,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji saƙonki, na kuma ji kukan da kika yi ƙoƙarin ɓoyewa. Amma ki saurare ni.

Na sa an tura mini bidiyon, na yi ta kallonsa yadda nake duba atamfar da nake zargin jabu ce. Sau da yawa hannun Baturiyar ke fara motsi, sannan na birin ya biyo. Na faɗa wa Uchechi haka, sai ta ce gaskiya ne, masana ma sun daɗe suna gardama ko fahimta birin yake yi ko kwaikwayo. Na shekara aru-aru a Kantin Kwari. Ɗan kasuwar da ya nuna maka aibin kayansa da kansa, ko dai mai gaskiya ne ƙwarai, ko kuma ya fi ka wayo. Ban san wanne ce ita ba, saboda haka na dakatar da zuwan Raudha.

Gidan ba daɗi. Innarki ta rage yi mini magana. Raudha kullum da la'asar sai ta sa takalmanta ta zauna a zaure. Akwai kuma wani abu da take yi duk sanda ta gan ni: ta ɗora yatsa a kan hanci, ta miƙe ɗaya hannun gefe iyakar tsawonsa. Ina jin a wajen birin nan ta ɗauko, ko da yake ban gan shi a bidiyon ba. Idan na kama hannun na sauke, sai idonta ya ciko.

Ki yi mini addu'a, barci ya yi mini wuya.
Mahaifinki, Ilu.

Fagge, Kano.

'Yata Asama'u, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya karatu? Ki yi haƙuri da rubutun, cikin murna nake yin sa.

Na tafi da Raudha shago don ta daina zaman zaure. Sai ga Uchechi ta biyo mu har Kwari. Na ba ta kujera, na sa ido a kan jakarta in ga ko biskit zai fito. Ana haka wata Hajiya ta nemi yadi. Kin san ni, tef na rataye a wuyana amma sai na fara awo irin na da, daga kan hanci zuwa ƙarshen yatsu. Ina cikin yi Raudha ta miƙe tsaye, ta yi abin nan nata, ta nuna ni.

Uchechi ta dafe ƙirji. Ta ce yarinyar ta sha yi mata wannan alamar a aji idan lokacin tashi ya yi, ita kuwa ta rasa ma'anarta, domin ba ta taɓa koyar da ita ba. Ta ce al'adar kurame ce su raɗa wa mutum suna daga wata ɗabi'arsa.

Ban saki jiki nan take ba. Na koma bayan tarin shadda na ɓuya, na ce Uchechi ta naɗe hannuwanta, ina leƙe. Raudha ta waiga ba ta gan ni ba. Ta je wajen maƙwabcina, ta ja rigarsa, ta ɗora yatsa a hanci, ta miƙa hannu, ta buɗe tafukanta tana tambaya. Babu igiya, babu gyaɗa. Ashe duk kwanakin nan kirana take yi, ni kuwa ina sauke mata hannu. Na fito ina kuka a gaban 'yan kasuwa, ban ji kunya ba.

Batun gwaggon birin kuwa, har yanzu da sauran shakka a raina. Allah ne ya san abin da ke zuciyarsa. In ya taɓa raɗa wa Baturiyar suna ba don ayaba ba, to na cire masa hula.

Raudha ta koma aji. Ni ma na sa an ajiye mini wuri a benci na baya, bayan la'asar. Yaran na dariyar yatsuna, amma na saba. Innarki na neman a raɗa mata nata sunan, na ce ta bi layi.

Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Naki har kullum,
Mahaifinki, Ilu, mai suna biyu.