Rabin Sulusin Naman Layya

Yamai, daren Alhamis

Yau ma ajin da nake koyarwa ya gagare ni. Na rubuta 1/2 × 1/3 a allo, amsa ta fito 1/6, sai Hadiza ta ɗaga hannu: "Malam, yaya za a ninka abu kuma ya ragu?" Na maimaita mata ƙa'idar da ke cikin littafin lissafinmu na Faransanci, wadda ni ma haddace ta kawai na yi a lakol, makarantar boko. Ba ta yarda ba. Saura wata guda su zauna jarrabawar sartifika ta gama firamare. Anya ba shekara da shekaru nake koyar da abin da ban gane ba?

Da na faɗa wa matata Rabi, dariya ta yi tana tankaɗen gari. "Haba Malam, kai da ke raba naman layya? Kashi uku muke yi. Kason maƙwabta ka raba shi biyu, gidan Hamani da gidan Iro. Kowane gida me ya samu daga ragon?"

Ɗaya cikin shida. Na daɗe ina kallonta.

Gobe ba zan buɗe littafin nan ba. Zan zana rago a allo, in miƙa wa Hadiza alli ta raba shi da hannunta.