Gadar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Yaya Lawal,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya sanyin can?

Tun ranar da na buɗe ɗakin Baba na Sabon Gari ban dawo daidai ba. Mai gidan hayar ne ya ce a kwashe kayan marigayin. Ɗan siririn layin dogon wasa da Baba ya daɗe yana haɗawa yana nan kan teburi, da tashar kwali da taragun gwangwani. Gadar ce kawai bai ƙarasa ba. Kan jirgin na tsaye a bakinta yana jiran a ba shi hanya. Wallahi Yaya, sai da na ji tarin Baba a bayana.

Da na ce zan kawo teburin gida, maigidana ya ce littattafan soyayya ne suka cika min kai. Ya ce, "Ɗaki ɗaya gare mu a Samaru, ina za ki sa shi? Ki bar wa 'yan gwangwan."

Ka gaida kowa. Ka sa Baba a addu'a, ni ma kada ka manta da ni. Jiya na sauke kwanukan jerena na kai gidan Gwaggo a Dogarawa. A gurbinsu teburin zai zauna, kuma ni zan ƙarasa gadar.

Ƙanwarka,
Hadiza