Ƙahon Awon Baba

Guangzhou, 4 ga Maris

Zuwa ga mahaifina, Baba Abdulmumini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da ƙanwata Hawa mai karanta muku wasiƙuna. Yaya ciwon gwiwa?

Hawa ta gaya mini kun fita farauta sau uku, sau uku kun kuskure gada. Ku da ba a taɓa jin kun harba biyu ba! Ta ce tun da ƙahon da kuke auna albarushi da shi ya ɓata kuke ɗura adaka da tafin hannu, yau ya yi yawa ta ture ku, gobe ya gaza. Na kewaye kasuwa neman irinsa, kowane mai shago sai ya girgiza kai ya ce "meiyo", wato babu. Ga ma'aunin masu zinariya nan na aiko. Don Allah ku gwada.

Ɗanku,
Ma'azu

Guangzhou, 2 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ku, da fatan an sha zafi lafiya. Na ji ma'aunin ya koma hannun Inna tana auna kanwa. Ban yi mamaki ba.

Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Hawa ta ce kuna zargin Baba Tankari da ɗauke ƙahon, har wata biyar ba ku gaisa ba. Mutumin da kuka yi shekara talatin kuna shiga daji tare.

Baba, ni na ɗauka. Ranar da zan taho na gan shi rataye a zaure na jefa a aljihu. Na yi tsammanin kuna da wani. Warin albarushi da man kaɗanyar hannunku ke jikinsa, idan kewar gida ta dame ni a cikin hayaniyar kasuwar Canaan sai in shinshina. Da na ji ana nema, kunya ta rufe mini baki, na tsaya sayen ma'auni kamar marar hankali. Wallahi na ji kunyar kaina.

Hajiya Fasuma ta layinmu za ta tashi daga filin jirgin Baiyun jibi, na ba ta ƙahon ta kawo muku. Ku yi mini duk faɗan da kuka ga dama, amma ku fara zuwa gidan Baba Tankari.

Mai neman gafararku,
Ma'azu

Guangzhou, 29 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Na gode da yafiyarku, ko da yake an ce sai da kuka kira ni ja'iri sau bakwai tukuna.

Hawa ta ba ni labari duka. Kun auna da ƙahon, kun ɗura, kun harbi kututture a bayan gari, kuka sake kuskurewa. Ta ce kun daɗe zaune a ƙasa, sannan kuka faɗa wa Baba Tankari cewa tun bara idonku na dama ya yi yana, ba ya gani sosai, ba ku gaya wa kowa ba. Na karanta wurin nan na kasa ci gaba.

Sai ta ce ranar Asabar kun fita ku biyu. Ku kuka ɗura, shi ya yi saiti, gada ta faɗi harbi ɗaya, kuka dawo kuna musun wa ya kashe ta. Ni dai ba na shiga wannan shari'ar.

Na bar odar kayan sallah a hannun abokina. Ina tafe ranar goma ga wata mai kamawa, mu je asibitin ido a Kano. Kada ku ce a'a, na riga na yanki tikiti.

Ɗanku mai ƙaunarku,
Ma'azu