Gammon Sakatare

Asabar, 9 ga Maris, 2024

Wata uku da rasuwarka, Kalilu. Kana da rai ban taɓa kiran sunanka ba, yau ga shi na rubuta.

Illo ya zo, tsohon abokin dakonka, yana ta tari. Ya tsaya zaure saboda takaba. Gammonka yake so. Na ce ban san inda yake ba. Ƙarya na yi, yana ƙarƙashin matashin kaina.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi na huɗu. Ɗiyarmu Surayya ta ce, “Inna, mi za a yi da tsohon gammo har dattijo shi taso da sanda?” Sai da na ba ta labari, na ga ashe ba ta san kome ba.

Ku goma sha ɗaya ne, ’yan dako tara da malaman makaranta biyu. Jam’iyyar Masu Gumi ta Gobir. Gari kuwa ’yan kwaminis yake ce muku, wasu su ce ba ku salla, alhali kai kake riga liman zuwa masallaci. Kai ne sakatare, don kai kaɗai cikin ’yan dako ka gama firamare.

Da soja suka hana jam’iyyu, aka ce a ƙone jar tutarku. Malam Is’haƙa, shugabanku, ya ce a’a, a yanka. Ni na yanka, ina amarya, da almakashin da na zo da shi daga garinmu Isa. Ƙyalle goma sha ɗaya. Kowa ya naɗe nasa cikin tsumma ya yi gammo, har malaman. Kuna wucewa gaban ’yan sanda da tutar bisa kanku, ƙarƙashin buhun wake.

Surayya ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba.

Jumma’a, 22 ga Maris

Har yanzu gammon yana da ƙanshin kanka. Da lotsawar kanka a tsakiya.

Laraba, 3 ga Afrilu

Illo ya dawo, tari ya fi na wancan zuwa. Ya ce samarin tasha da ’yan kabu-kabu za su kafa ƙungiya ranar ma’aikata, ɗaya ga Mayu. Ya ba su labarin shekarar da buhu ya karya wuyan Hussaini, mai mota ya bar shi kwance ya wuce Maraɗi. Yadda kuka jera gammayenku ƙasa a bakin tasha, kwana tara ba wanda ya ɗaga ko kwando, har masu motoci suka yarda duk wanda kaya ya raunata su za su kai shi asibiti. Samarin suka ce, “Baba Illo, tatsuniya da rana?”

Shi ya sa yake son a ɗinke tutar. Ya bi gidajen matattu ya samo takwas, har da nasa. Na Hussaini ya ƙone sa’ad da ’yan bindiga suka shiga ƙauyensu wajen Burkusuma. Ɗaya jikoki sun yi tsumman goge babur da shi. Saura naka, kuma naka ne na tsakiya, mai hauya da sunan jam’iyya. In ba shi, jan ƙyalle ne kawai.

Ya ce, “Kwamared Bara’atu, ni kaɗai na rage, kuma ba ni kai wata damina.”

Na ce ni ba kwamared ba ce, fura kawai na dama muku.

Ya ce, “To wa ya ɓoye mu cikin rumbu? Fura?”

Na koma ɗaki, ya tafi. In na warware gammon, ba mai sake naɗa shi yadda ka naɗa. Hannunka ne. Wannan za ni faɗa wa tsoho a zaure?

Talata, 16 ga Afrilu

Na fita takaba. Na bi ta tasha da gangan. Wani ɗan dako mai furfura yana hawa katako da buhu biyu, ƙafafunsa na rawa, mai kaya na zaune inuwa yana cewa a yi sauri. Ba wanda ya tsaya masa. Da kai ne, da tuni ka jefa gammo ƙasa.

Na tuna yadda nake jin haushin jam’iyyar nan. Ta ci min ranakun Salla, ta kai ka ɗaurin wata biyar Sakkwato ina da cikin Surayya. Ka dawo ba haƙora biyu, kana murmushi, wai an koya maka ɗinkin hula.

Asabar, 27 ga Afrilu

Illo ya aiko da ƙyallayen takwas cikin buhu, ba saƙo. Wayo ne. Ya san ni na yanka, ni kaɗai na san wanne ke bin wanne.

Na shimfiɗa su tsakar gida, don in gani kawai. Wasu sun koɗe kamar ƙasa. Almakashina yana da giɓi, kowane ƙyalle na ɗauke da shaidarsa a baki, sai suka haɗu da kansu. Rami uku. Na tsakiyar ya fi girma, daidai wurin zaman mutum.

Na zauna ciki har la’asar.

Alhamis, 2 ga Mayu

Jiya aka yi taron ƙungiyar, da tutar da na ɗinke. Wai mutum sun fi sittin. Ban shiga ba, na tsaya wajen mai ƙosai. Illo ya kasa ɗaga sandar tutar, wannan mai furfurar ya riƙe masa. Wurin Hussaini da ɗayan na bar su fili, ana hango sama ta ciki.

Naka ya fi duka ja, don shekara arba’in bai ga rana ba. Ban wanke ba. Ya ƙi miƙewa, har yanzu yana naɗewa daga gefe, sai da na ninka zare.

Samarin sun ce Jumma’a za su zo in gaya musu sunayen goma sha ɗayan. Na ce sai na gani.

Matashin kaina ya yi ƙasa sosai, ba gammo ƙarƙashinsa. Na dai aiki Surayya ta sayo gero, mutum sittin ba ƙaramar fura ba ce.