Kwanon da Aka Sa wa Ɓera

Roi Et, 3 ga Yuni

Goggo Lamduan,

Na haɗa tafuka ina gaishe ki. Yaya gwiwar?

Kin san kafin damina za a aske ni in sanya rigar rawaya ta masu zaman ibada a haikali, don Inna ta gani da idonta tun tana da sauran ƙarfi. To, Luang Pho, babban malamin haikalinmu, ya ƙi taɓa kaina sai na nemi yafiyar duk wanda na cutar.

Goggo, ni ne "Mai Gaskiya" da ya sa hoton ɓera cikin miyar taliyar da kike sayarwa a shafin garinmu na intanet. Haushin faɗan da kika yi mini gaban mutane ne. Na ce wa Luang Pho ai da sunan bogi na yi. Ya yi dariya, ya ce sakayyar aiki ba ta duba suna, mai yatsan take bi. Ya ce duk wanda ya tura hoton gaba, tamkar ni na sake faɗa.

Ki yafe mini. Ina jin kunya ƙwarai.

Ɗanki,
Thawee


9 ga Yuni

Thawee,

Gwiwa tana nan. Ka gaida ƙanwata, Innarka.

Kai shashasha, ka zaci ban sani ba? Kwanon da ka sa ɓeran ciki, ni na ba uwarka ranar bikinta, har tsagewar bakinsa na gane. Wata huɗu ina dafa tukunya guda, karnuka na cinye rabi.

Sau nawa na rubuta sunanka zan tona maka asiri! Sai in tuna alkawarin kiyaye harshe da nake ɗauka a haikali, in goge. Da kyar, kar ka zaci ni wata ta kirki ce. Na gode da ka faɗa da kanka, don na gaji da riƙe wannan garwashin.

Amma ba a takarda ka zage ni ba. Koma inda ka yi, ka faɗi gaskiya da sunanka.

Goggonka


14 ga Yuni

Goggo, barka da hantsi.

Na rubuta. Zagi ɗari uku na sha, na karanta duka, ban rama ko ɗaya ba. Yanzu na san abin da kika haɗiye. Na gode da ba ki zama kamar ni ba. Askin ranar Lahadi ne.

Thawee


15 ga Yuni

Ɗana,

Yau tukunya biyu na sauke. Ka ce wa Luang Pho, bayan uwarka, ni zan yanki gashin. Zan zo da almakashina.

Goggo