Minti Goma Daga Kasos

Arkasa, tsibirin Karpathos

Zuwa ga ƙanwata Fotini,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki kuna lafiya. Tunda kin daina ɗaukar wayata, ga takarda. Jikin Mama ya yi tsanani, likita ya ce a kira na nesa. Ke kuwa ba ki da nisa. Daga taga nake hango dutsen Kasos ɗinku, kilomita ashirin ma bai cika ba. Ƙaramin jirgin nan minti goma yake yi a sama, kafin ki gama ɗaura bel an ce ki kwance. Sunanki Mama take kira. Ki zo.

Yayarki,
Rigopula

*

Fri, tsibirin Kasos

Yaya,

Na gaishe ki. Jirgin da kike yabo shi ya kawo takardarki, na gode da darasin lissafi.

Ina da tambaya. Ranar da muka binne ɗana Minas, jirgin bai tashi ba ne? Ko daga wajenku ya fi nisa? Na tsaya a bakin coci ina kallon hanya har fada, limamin cocin, ya ce ba za a ƙara jira ba. Daga baya aka ce kuna tsinkar zaitun.

Ke ce 'yar fari. Bisa al'ada kin ɗauki sunan kaka, kin ɗauki gida da gonaki da sarƙar zinariya. Ni ta biyu, rabona wanke zanen 'ya'yanki, har na tsufa a kicin ɗinki kafin na samu mai kwashe ni. Da na yi kuka, Mama cewa ta yi haka aka yi wa ƙanwarta, ba ta mutu ba. To, wadda ta gaji gado ta gaji jinya.

Ki huta lafiya,
Fotini

*

Fotini,

Ina gaisuwa duk da haka. Bakinki bai canja ba. Duk lokacin da jirgi ya wuce ta saman gida, Mama sai ta ce in taje mata kai, in ɗora kofi. Jiya ta ce, "Kin share ƙofa? Yarinyar nan ba ta son ƙazanta." Na ce mata iska ce ta hana jirgi tashi. Ta ce, "Ƙarya kike, na ji ƙararsa." Ta ce akwai maganar da za ta roƙe ki, ba za ta ba ni saƙo ba. Ƙaryata ta ƙare.

Rigopula

*

Yaya,

Gaisuwa. Na kasa barci tun da na karanta. Shekara da shekaru maganar nan kaɗai nake jira daga bakinta, kuma ina jin haushin kaina da har yanzu nake so. Zan hau jirgin Alhamis. Kada ki zo tarba ta, na san hanya.

Fotini

*

Fotini,

Ina gaishe ki. Ki mayar da tikitinki. Mun binne Mama ranar Litinin.

Kada ki damu, ta tafi da farin ciki. Ranar Asabar da jirgi ya wuce, na ɗaura wa 'yata Ernia tsohon ɗankwalinki, na turo ta ɗakin. Idon Mama ya riga ya tafi. Ta kama hannunta ta ce, "Fotini, na cuce ki, ki yafe mini." Ernia ta ce, "Na yafe, Mama." An nema, an bayar, babu sauran abin da za ki zo karɓa.

Ernia ta yi aikin da kyau. Ita ma ta biyu ce, ta saba yin abin da aka sa ta.

Ki zauna lafiya,
Rigopula